Gasar kwallon raga ta matan Afirka: kofi daya, tikiti biyu, da inda Najeriya ta tsaya

Tunda shekarar 2025 ta shige ba a buga gasar kwallon raga ta mata ta kasashen Afirka ba, masu bin wasan a nan Abuja suke ta tambayar juna wai lafiya kuwa, soke gasar aka yi ko kudi ne ya yanke wa hukumar, don an saba duk bayan shekara biyu ana yinta, 2017, 2019, 2021, 2023, toh ina ta 2025 ta shiga? Abin ya kara rikita mutane da aka ga Kenya da Masar da Kamaru suna wasa a gasar duniya a Tailan a watan Agustan 2025 alhali ba wanda ya ga an yi wani wasan share fage a shekarar. Ba soke ta aka yi ba. Jadawalin wasan ne gaba daya hukumar duniya ta sauya, kuma sauyin ya dora wa gasar nahiyar nauyin da bata taba dauka ba.

Wace gasa ce, kuma wa ke da ita

Uwar kungiyar kwallon raga ta duniya ita ce FIVB, an kafa ta 1947, ofishinta na birnin Lozan a Siwizalan. A karkashinta akwai hukumomin nahiyoyi guda 5, ta Turai CEV, ta Asiya AVC, ta Kudancin Amurka CSV, sai NORCECA mai kula da Arewacin Amurka da Amurka ta tsakiya da tsibiran Karibiyan, sannan tamu ta Afirka CAVB wadda aka kafa 1972, kuma tun 2020 wata 'yar Maroko ce Bouchra Hajij take shugabantarta. Kowace hukuma tana shirya gasarta ta kasa da kasa, wato tawagar kasa ce ke zuwa da tutar kasa, ba kulob ba. Nan ne mutane da yawa suke hada abu biyu wuri daya, in aka ji 'yan matan Kwastam ko na sojan ruwa sun tafi gasar Afirka sai a dauka Najeriya ce ta tafi, alhali waccan gasar kulob-kulob ce, duk shekara ake yinta, kuma ko kulob dinmu ya dauko kofinta ba zai kara wa tawagar kasa maki ko daya ba, ba kuma zai kai ta ko'ina ba.

Ita gasar kasashen an fara ta ne 1976 a Port Said ta Masar, Masar din ce ma ta dauka. Bayan wannan ta farko sai ta tsaya, sai daga 1985 ta samu gindin zama, aka rika yinta duk bayan shekara biyu a shekaru marasa rabuwa biyu, har zuwa ta Yawunde a 2023.

Yadda ake kirga nasara

Ga wanda bai saba kallo ba, mutum 6 ne kowane bangare, filin mita 18 ne a tsawo 9 a fadi, ragar mata tsayinta mita 2.24, ta maza 2.43. Taba kwallo uku kawai aka yarda kafin a tsallaka da ita. Ana yin saiti har biyar in ta kama, wanda ya fara cin uku ya ci wasa, kowane saiti maki 25 ne amma dole a ba da ratar maki biyu, shi ya sa za ka ga allo ya nuna 29 da 27, na biyar din kuma a 15 yake tsayawa. Waccan mai riga daban da ta sauran, wadda kullum tana baya tana zubewa kasa tana kwaso kwallo, ita ce libero, tun 1998 aka shigo da ita, ba a yarda ta yi tsalle ta tare a raga ba.

Inda lissafin yake da dan sarkakiya shi ne teburin rukuni. In kasa ta ci 3-0 ko 3-1 maki 3 ne nata, wadda aka ci ta tashi a tutar babu, amma in wasa ya kai 3-2 sai a raba, mai nasara 2, wadda aka ci 1. In aka yi kunnen doki sai a koma duba saiti nawa kika ci nawa aka ci ki, in nan ma daidai ne a gangara zuwa maki daya-daya na cikin wasa. Wannan ne dalilin da za ka ga koci yana ta daga murya a gefen fili ana 23 da 11 a wasan da kowa ya san ya kare, kowane maki da aka bari ya zube zai iya dawowa ya yi hukunci ranar karshe ta rukuni.

Abin da aka canza

A da gasar duniya duk shekara hudu ake yinta da kasashe 24, ta 2022 da aka yi a Holan da Polan Afirka kujera biyu ta samu, Kenya da Kamaru. Sai FIVB ta fito da sabon jadawali na 2025 zuwa 2028, ta mayar da gasar duniya duk shekara biyu, ta kara kasashen suka zama 32, ta kuma ajiye ta a shekarun da gasar nahiyoyi ta saba zama, wato 2025 da 2027. Tunda ba za a hada manyan gasa biyu a damina daya ba, sai aka tura na nahiyoyi zuwa 2026 da 2028. Ratar shekara uku da aka gani tsakanin 2023 da 2026 daga nan ta fito, kuma ba Afirka kadai abin ya shafa ba, Turai da Asiya da sauran duk haka suka jira.

Su kuma ukun nan da aka gani a Tailan tun a Yawunde suka yanki tikitinsu, a Agustan 2023 Kenya ta doke Masar 3-0 a fainal, Kamaru mai masaukin baki ta zo ta uku, kuma dokar ta ce ukun farko na kowace nahiya sun wuce kai tsaye. Haka za a sake yi, ukun farko a gasar 2026 su ne zasu tafi gasar duniya ta 2027 wadda Amurka da Kanada zasu karbi bakunci. Sauran kujerun, bayan an cire na masu masauki da mai rike da kofi, rankin duniya, wato jerin kasashe bisa makin da suka tara, shi yake raba su.

Amma babban abin shi ne Olamfik. Kasashe 12 kacal ake dauka a kwallon raga ta mata, kuma ga yadda aka tsara na Los Anjeles 2028, Amurka tana da kujerarta a matsayin mai gida, kujera 5 na zakarun nahiyoyi biyar ne na 2026, kujera 3 za a fitar daga gasar duniya ta 2027, ragowar 3 kuma daga rankin a 2028. A takarda kofa uku ce, amma in aka duba inda kasashen Afirka suke a karfi, biyun karshen nan Italiya da Birazil da Turkiyya da Sin da Japan da Polan da Sabiya ne zasu yi ta kokawa a kansu, don haka a zahiri kofa daya ce ta rage wa nahiyar, duk wadda ta daga kofin Afirka na 2026 ita ce zata Los Anjeles, ta biyu kuwa sai dai ta kalla a talabijin.

Ba haka ake yi a baya ba. Na Tokiyo an shirya wata gasa ce ta daban a Yawunde a Janairun 2020 don tikitin kawai, Najeriya ma ta je, Kenya ta dauke. Na Faris 2024 kuma ko gasar ba a yi ba, rankin aka duba aka ce tunda babu wata kasar Afirka da ta samu shiga, a ba wadda ta fi kowa maki a nahiyar, Kenya ta sake tafiya. Yanzu an cire wadannan duka an zuba komai a gasa daya ta kamar kwana goma zuwa sati biyu, kamar a ce dalibi jarrabawa daya zai zauna ita ce ta fita sakandare ita ce kuma ta shiga jami'a, in zazzabi ya kama shi a satin shikenan.

Rankin din da ake ta magana

Tun 2020 FIVB ta daina ba da maki bisa matsayin da kasa ta kare a gasa, ta koma wasa-wasa. Kafin a fara kowane wasa kwamfuta ta riga ta kiyasta yadda ya kamata ya kare bisa ratar makin kasashen biyu, in sakamako ya fi abin da aka zata miki sai a kara miki, in ya gaza a rage, kuma abin da aka kara wa daya shi ake cirewa daga dayar. Ma'ana in karamar kasa ta kwace saiti biyu a hannun babba, ko da an ci ta 3-2 tana iya tashi da karin maki, babbar kuma ta ci wasa amma ta yi asara. Sannan wasanni ba nauyinsu daya ba, na Olamfik da gasar duniya sun fi na nahiya, na nahiya sun fi na shiyya.

Tsarin a kan kansa ba ya nuna bambanci, matsalar ita ce sai an buga ake samun maki. Manyan kasashe suna da VNL, gasar da aka fara 2018 ake yi duk shekara, yanzu kasashe 18 ne a ciki, kowace tana buga wasa 12 a zagayen farko kadai da kasashe masu karfi, kuma har yau babu tawagar mata daga Afirka da ta taba shiga. Kasar da sai shekara biyu ta zagayo take buga wasa biyar ko shida da makwabtanta wadanda su ma makinsu kadan ne, ko duka ta cinye ba wani tsalle zata yi ba, in kuma ta dade bata buga komai ba har rage mata ake yi. Kuma rankin din nan shi ake dubawa wajen raba rukuni, wadda take kasa ita ake jefawa rukuni daya da manya, ta hadu da Kenya ko Kamaru tun a kwata fainal, a fitar da ita da wuri, makinta ya kara tsayawa, a gasa ta gaba a sake jefa ta wuri daya.

Su wa ke rike da kofin

Kenya ce uwa a wannan fage, sau 10 ta dauka, hudu a jere daga 1991 zuwa 1997, sannan 2005, 2007, 2011, 2013, 2015 da 2023. Masar da Tunisiya da Kamaru kowace sau 3, Aljeriya sau daya a 2009, sai abin mamakin da har yanzu tsofaffin 'yan wasa suke tunawa, Sishel, tsibiran da mutanensu gaba daya a lokacin basu kai dubu dari ba, ta zo Fatakwal a 2001 ta dauke kofin a gidanmu. Na Kamaru ukun a jere ne, 2017, 2019, 2021, kuma duka Kenya ta doke a fainal. Najeriya ta karbi bakunci ba sau daya ba, har da nan Abuja a 2005, amma bata taba dauka ba. A Olamfik ma kasashe uku ne kawai suke ta karba-karba tun 2000, Kenya a Sidni da Atens da Tokiyo da Faris, Aljeriya a 2008 da 2012, Kamaru a Riyo 2016.

In aka tambayi me ya sa Kenya, amsar farko da mutane ke bayarwa ita ce tsayi, kuma tsayi yana da amfani, amma dogayen 'yan mata ai ba Kenya kadai Allah ya ba. Abin da suke da shi shi ne layi wanda bai yanke ba daga makaranta zuwa tawagar kasa, gasar makarantun sakandare tasu da gaske ake yinta, kulob-kulob suna zuwa can su dauki yara, sannan manyan kulob din na hukumomi da kamfanoni ne masu biyan albashi, Kenya Pipeline, Kenya Prisons, bankin KCB, wadanda kuma suke yawan kaiwa karshe a gasar kulob ta Afirka tare da Al Ahly da Zamalek na Masar da Carthage ta Tunisiya. 'Yan wasan Malkia Strikers, haka ake kiran tawagar, sun san juna tun suna yara. Daga baya FIVB ta kara musu da tallafi, ta hada su da koci dan Birazil Luizomar de Moura gabanin Tokiyo, har sansanin horo suka rika yi a Birazil din. Ko a 2015 sun ci rukuni na uku na tsohuwar gasar Grand Prix a Ostireliya, suka doke Peru a fainal.

Duk da haka da zarar an fita nahiyar sai ratar ta bayyana. A Faris Kenya wasa uku ta buga, da Birazil da Polan da Japan, bata ci saiti ko daya ba. A Tailan ma duka ukun Afirka a rukuni suka tsaya, abin da aka samu shi ne nasarar Kenya a kan Biyetnam.

Rikicin Kigali da maganar 'yan wasan waje

Duk lokacin da aka yi zancen yadda Najeriya zata cike gibi da sauri sai wani ya ce a je a kwaso 'ya'yanmu na waje mana, kamar yadda aka yi a kwallon kwando, D'Tigress sun dauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025 har suka kai kwata fainal a Faris, kuma da yawa daga cikinsu a Amurka suka taso. Sai a kawo misalin Paola Egonu, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, an haife ta a Italiya 1998, ita aka zaba gwarzuwar gasar Olamfik ta 2024 da Italiya ta doke Amurka 3-0 ta dauki zinare, ga kuma abokiyar wasanta Myriam Sylla mai iyaye 'yan Kodebuwa.

Toh a kwallon raga fasfo kadai ba ya isa. Kowace 'yar wasa tana da hukumarta ta asali, wato hukumar kasar da aka fara yi mata rajista, kuma in ana so a sauya sai an nemi izinin FIVB, a cika sharuddan zama dan kasa da na zama a kasar, a biya kudi, sannan an takaita adadin wadanda suka taba buga wa wata kasa da za a iya sa wa a tawaga daya. Ta wannan hanyar Melissa Vargas 'yar asalin Kuba ta koma Turkiyya, ta taimaka musu suka dauki kofin Turai na farko a tarihinsu a 2023 da suka doke Sabiya 3-2. Ana yi, amma da takarda da lokaci.

Abin da ke faruwa in aka bi ta gajeriyar hanya an gani a Kigali a Satumban 2021. Ruwanda mai masaukin baki ta sa 'yan wasa hudu 'yan asalin Birazil, ta fara cin wasanninta har da wanda ta buga da Najeriya, bangaren Najeriya ya shigar da korafi, aka bincika aka ga ba a bi ka'idar sauya hukuma ba, gasar ta tsaya cak na wasu kwanaki, a karshe aka fitar da Ruwanda daga gasar da take yi a gidanta aka soke sakamakonta, FIVB ta dakatar da hukumarsu na wani lokaci. Najeriya ta kai wasan kusa da na karshe a shekarar ta kare ta hudu bayan Kamaru da Kenya da Maroko. Ruwandan kuma da ta dawo da 'yan gida a 2023 ita ta zo ta hudu. Yanzu da tikitin Olamfik ya hau kan kofin, ba sai an fada ba kowace tawaga zata rika bin takardun abokiyar karawarta layi-layi.

Masu yabon tsarin da masu sukarsa

Masu goyon baya suna cewa an dawo wa gasar nahiya da darajarta. A da wasu kasashen suna iya turo tawaga ta biyu ko ma su ki zuwa saboda ba abin da zasu rasa, yanzu kuwa dole kowa ya zo da karfinsa, kuma hakan na jawo talabijin da masu daukar nauyi. Suna kara da cewa a fili ake yanke hukunci kowa na gani, ba a lissafin kwamfuta ba, tunda a tsarin Faris tun kafin a je ko'ina an san Kenya ce, Kamaru da Masar basu samu ko damar fuskantarta a wasan tikiti ba. Sannan wadda ta ci tana da kusan shekara biyu cur na shiri da neman kudi, sabanin watanni kadan da ake samu a da. Ga kuma kujera uku a gasar duniya duk shekara biyu maimakon biyu duk shekara hudu, wato in aka lissafa a shekara hudu Afirka ta tashi daga kujera 2 zuwa akalla 6.

Masu suka kashi biyu ne kuma ba bakinsu daya ba. Na Turai korafinsu shi ne nahiyarsu ta tara kasashe masu karfi da yawa, kasar da take cikin goman farko a duniya tana iya rasa Olamfik alhali zakarar Afirka da za a ci 3-0 sau uku ta samu kujera, a wajensu wannan rage armashin gasar ne. Amsar da ake ba su ita ce Olamfik tun asali an gina ta ne a kan kowace nahiya ta samu wakilci, in aka bi karfi zalla to Afirka ba zata taba lekawa ba balle ta koya. Na cikin gida kuma damuwarsu daban, suna ganin sati biyu ya yi kadan a dora masa shekara hudu, rauni daya a gwiwar mai buga kwallo ko alawus da bai fito ba ya isa ya rusa komai, ga kuma fifikon mai masauki, duba da cewa Kenya ta dauka a Nairobi a 2007, 2011, 2013 da 2015, Aljeriya a gidanta a 2009, Kamaru a Yawunde a 2017. Karbar bakunci kudi ne, dakin wasa mai kyau, otal, motoci, don haka kasashe kalilan ne suke iya nema, kuma su ne dai masu karfin. Akwai kuma maganar tazara, tawagar da ta ci a 2026 ba lallai ita ce mafi kyau a 2028 ba, wasu sun yi aure, wasu sun haihu, wasu sun ajiye wasan.

Kowane bangare yana da abin kamawa, sai dai hujjar fifikon gida tana da rauni kadan, don Kenya ta je Yawunde har sau biyu, 2020 da 2023, ta kwaso abin da ta je nema a gaban 'yan kallon Kamaru.

Me wannan ke nufi ga Najeriya da mai kallo a Abuja

In aka ajiye son kai, kofin da kansa yana da nisa ga kasar da bata shiga hudun farko ba a 2023. Abin da ke kusa shi ne mataki na uku, tunda ta hudu an taba zuwa a 2021, kuma tsakanin ta hudu da ta uku yanzu akwai tikitin gasar duniya, wasa uku akalla da manyan kasashe masu nauyin maki, da idon masu neman 'yan wasa daga kulob-kulob na waje. Wasan neman na uku da a da ake bugawa mutane na hamma suna jiran fainal ya zama wasan da ya fi kowanne muhimmanci ga kasashe irin namu da Ruwanda da Maroko da Aljeriya da Uganda.

Wanda ya taba shiga dakin wasa na Package B a filin wasa na Moshood Abiola, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, ranar da ake lig din kasa, ya san yadda abin yake. Shiga ba wuya, kujeru da yawa babu kowa, wadanda suka fi yawa a ciki 'yan wasan wasu kulob ne da ke jiran nasu lokacin da abokan aikinsu masu kaki, karar takalmi a kasa da usur din alkali sun fi hayaniyar 'yan kallo. Kulob din da ke rike da wasan mata yawanci na hukumomi ne, Kwastam, sojan ruwa, sojan kasa, Sibil Difens, Imigireshan, sai 'yan kadan na jihohi irin Kada Emeralds ta Kaduna. Wannan yana kama da na Kenya ta fuska daya, wasa yana iya zame wa yarinya hanyar samun aikin gwamnati, kuma ga iyaye da yawa a Nyanya ko Kubwa ko Mararaba wannan ce hujjar da ta fi shiga kunne. Inda aka bambanta shi ne yawan wasa, lig din namu ana tara kulob ne a gari daya a yi kwanaki ana bugawa a watse sai wani zagayen, tawagar kasa kuma sau da yawa sai gasa ta matso ake kira sansani, alhali ba a fafe gora ranar tafiya, mai daga kwallo da mai buga ta a raga sai sun yi watanni tare kafin hannunsu ya san juna.

Kudin kuma daga wuri daya ake jira. Hukumar kwallon raga ta kasa, NVBF, tana karkashin Hukumar Wasanni ta Kasa da aka dawo da ita a Oktoban 2024 bayan an rushe ma'aikatar wasanni, Shehu Dikko ke shugabanta, kuma hukumomin wasanni da dama ne suke layi a kofa daya. A 2025 an ga yadda gwamnati ta yi wa Super Falcons da D'Tigress ruwan kyauta, dala dubu 100 kowace 'yar wasa, amma bayan an dauko kofi ne, shi kuwa sabon tsarin nan kudin gaba yake bukata, tikitin jirgi zuwa wasannin shiyya ta 3 inda muke tare da su Gana da Benin da Togo da Nijar, da wasannin sada zumunta da aka yi wa rajista don su shiga lissafin rankin. Da jadawalin ya zama duk shekara akwai babbar gasa, kasar da ta samu shiga gasar duniya ma sai ta nemo kudin tafiya sau biyu a inda a da sau daya ne.

Akwai kuma abin da ya shafi gidajen Hausawa kai tsaye, sutura. Iyaye da yawa abin da suke gani a talabijin na gajeren wando shi ke sa su ce a'a tun kafin a gama tambaya, kuma yawancin 'yan matan arewa daga firamare ko karamar sakandare wasan yake tsaya musu. Amma dokar wasan bata hana rufe jiki ba, Doaa Elghobashy ta Masar da hijabi da dogon wando ta buga kwallon raga ta yashi a Riyo 2016, Megawati Hangestri ta Indonesiya da hijabinta ta zama tauraruwa a lig din Koriya ta Kudu, a tawagar Masar da ke zuwa gasar Afirka ma ana ganin masu lullube kai da dogon hannu. Abin da ake bukata dai kayan tawagar su zama kala daya. Wasan kuma ba a cakuduwa da abokan hamayya tunda raga ta raba, kayan aikinsa kwallo ne da raga da sanda biyu, filinsa bai kai rabin harabar makarantar gwamnati ba.

Ga mai son kallo, wasannin FIVB na duniya yawanci a manhajarsu ta VBTV suke kuma biya ake yi, na Afirka kuma an fi samunsu a shafukan CAVB na intanet ko tashar kasar da ke karbar bakunci, gidajen kallon kwallo na unguwa ba kasafai suke sa wa ba balle in ya hadu da ranar Firimiya. Wasa mai saiti biyar yana iya haura awa biyu, don haka mai kallo a waya sai ya tanadi data da caji. In lokaci ya kure aka ce a zabi wasa biyu kawai, toh na neman na uku da fainal ne, galibi rana daya ake buga su a daki daya, na ukun ne ake fara yi.